Rabin Bakwai a Aarhus

Ranar da na gaya wa Hajiya cewa gurbin karatu ya fito, kuma a Denmak ne, sai da ta ajiye carbinta.

"Denmak? Ba su ne suka yi zanen nan ba?"

Su ne. A 2005 wata jarida a can ta buga zane-zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), wutar da ta tashi kuma ta kai har Maiduguri a farkon 2006, aka yi asarar rayuka. Iyakar sanin da yawancinmu muka yi wa ƙasar ke nan. Ban gaya mata cewa babban ofishin jaridar a garin da zan zauna yake ba. Sai na nuna mata gwangwanin madarar Dano da ke kan kabad, na ce, "Hajiya, ai kullum safiya kina shan Denmak a shayi." Kamfanin da ke yin madarar, Arla, shi ma hedikwatarsa a wannan garin take, wato Aarhus. Ta yi murmushi ta ɗauki carbinta. "To Allah ya tsare. Ka riƙe sallarka, ka kula da abin da za ka sa a bakinka."

Ƙarshen watan Agusta na 2022 na sauka a Kofenhagen, na shiga jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa uku. Jirgin ya nutsa ƙarƙashin teku ya ɓullo, ya hau gada, ya ratsa gonaki shimfiɗe kamar faifai. Ƙasar ba ta da tudun kirki. Daga baya abokan karatu suka ɗauke ni musamman don in ga wani tsauni da suke kira Himmelbjerget, ma'ana dutsen sama. Tsayinsa mita 147. Na hau ban ko yi haki ba, na kuma yaba, don baƙo ba ya kushe abin da aka nuna masa. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai na jihar Kano ba, wajen miliyan 6 ne. Ni kuma abin da ya kai ni shi ne karatun kiwon shanun madara.

Na shirya wa sanyi, na shirya wa tsada. Shirun ne ban shirya masa ba. A bas kowa zai nemi kujerar da ba kowa a gefenta, in babu ya gwammace ya tsaya. A benen da na kama ɗaki, gida shida ne, amma sai in yi kwana uku ban ji muryar mutum ba. In kun haɗu a matakala, "Hej" ce kawai, gajeriya kamar atishawa, kowa ya wuce. Ni da na taso a unguwar da in ka wuce dattijo ba ka tsuguna ba kafin magariba maganar ta isa gidanku, sai na ji kamar fushi ake yi da ni.

Akwai wata tsohuwa a hawa na biyu, za ta yi shekara saba'in da wani abu, kullum da jakar saƙa. Na ce wannan dai uwa ce, dole a gaishe ta yadda ya kamata. Rannan na tare ta da Turanci: ina kwana, yaya gida, yaya jiki, yaya sanyi. Ta tsaya cak, ta ajiye jakar, ta dube ni. Sai ta fara amsawa ɗaya bayan ɗaya. Gida lafiya, sai dai famfon kicin yana ɗiga. Jiki kuwa, gwiwar hagu an yi mata aiki bara, ta dama ce yanzu take damunta, ga abin da likita ya ce. Minti goma muna tsaye. Ashe su in ka tambayi lafiyar mutum, tambaya ka yi, kuma amsa za a ba ka. Ba su san "lafiya lau" ɗin da muke faɗa ko da zazzaɓi na kaɗa mu ba. Shi ya sa ba sa tambayar sai in da gaske suna son ji.

Cikin watan Oktoba na ga abin da ya tsayar da ni a titi. Keken jarirai huɗu jere a ƙofar wani gidan shan kofi, a waje, cikin iska mai ratsa ƙashi. Na ɗauka wofi ne. Da na leƙa sai ga jariri a kowanne, an naɗe shi kamar ƙunshin goro, yana barci. Ba babba ko ɗaya a wurin. Wallahi kasa tafiya na yi. Na tsaya nesa kaɗan ina gadi, ina kuma tsoron kada a ce me baƙin mutum yake yi kusa da 'ya'yan mutane. Can sai wata ta fito da kofi a hannu, ta gyara wa nata bargo, ta yi mini murmushi ta koma ciki. Da na ba da labari a wurin aiki, su abin da ya ba su mamaki shi ne mamakin da na yi. Yaro ai ya fi barci a iska, in ji su. To in aka sace shi fa? Suka dubi juna. Wa zai saci jariri?

Haka a ƙauyuka za ka ga rumfa a bakin hanya, an jera dankali ko ƙwai ko zuma, an rubuta farashi, ga akwatin kuɗi ko lambar MobilePay ta biyan kuɗi da waya, mai kayan yana can gona. Ka ɗauka, ka biya, ka tafi. Mutanen da ba za su tambaye ka kwanan iyali ba, su ne za su bar maka dukiyarsu a titi. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu muna da gaisuwa har ta yi yawa, amma shagon da aka bari ba kowa sai an ce wa maƙwabci ya sa ido.

Malamin da ke duba aikina farfesa ne da ake ji da shi a fannin. Ranar farko na ce masa "Farfesa", ya waiga bayansa kamar yana neman wanda nake kira. Ya ce in kira shi da sunansa kawai. Wata biyu bakina yana ƙin yarda; ta yaya zan kama sunan sa'an babana gatsau? Shi yake wanke kofinsa. Ƙarfe uku da rabi zai sa hular kwano ya hau keke, wai zai ɗauko jikarsa daga makaranta, kuma ko taro ake yi ba mai cewa uffan. Awa 37 ake aiki a mako. Suna da wata ɗabi'a da suke kira dokar Jante, ba a kundin doka take ba, a jini take: kada ka ɗauka ka fi kowa. Mai kuɗi ba ya son a gane shi. Na tuna yadda a wurinmu mutum zai ɓata rai don an manta "Alhaji Dakta" a katin ɗaurin aure. Sai dai ita ma Janten tana da nata ciwon, don na ga ɗalibai masu hazaƙa suna ɓoye ƙwazonsu kamar abin kunya.

Haraji kuwa ba a magana. Kusan komai ka saya, har burodi, an ɗora masa harajin kashi 25 cikin ɗari na gwamnati, ban da abin da ake yanka a albashi. Amma da aka ba ni lambar zama ɗan gari da katin nan rawaya na asibiti, sai na ga sunan likitana a jiki, kuma duk zuwan da na yi wurinsa ban biya ko krone ɗaya, kuɗin ƙasar, ba. 'Ya'yansu kyauta suke jami'a, har a riƙa ba su kuɗin kashewa duk wata. Suna ƙorafin haraji kamar kowa, amma ƙorafin wanda ya san inda kuɗinsa ya tafi.

Sai Nuwamba ta shigo da duhunta. Zuwa Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, in ma ta fito ke nan, don yawanci sama toka-toka take kamar murfin tukunya. Azahar, La'asar da Magariba duk a wurin aiki suke riskata, kusan a jere. In na yi alwala ɗaya sai ta kai ni. A watan Yuni kuma akasin haka, goma na dare da sauran haske, ka yi Isha ka ɗan kishingiɗa sai Asuba. Duhun nan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Na rasa kuzari, na rasa son magana, har likita ya ce in riƙa shan ƙwayar bitamin D. Su kuma maganinsu kyandir ne. Ko'ina kyandir, a taga, a teburin cin abinci, har a ɗakin taro da safe. Suna kashe fitila mai haske su kunna shi da gangan, su zauna da kofi da bargo, su ce wannan shi ne hygge, wato jin daɗin zama cikin natsuwa. Ni da kyandir a wurina alamar an ɗauke wuta ce, sai da na yi wata guda kafin in daina jin haushinsa.

A cikin wannan duhun ne tsohuwar hawa na biyu ta tare ni ta ce tana so in zo cin abincin dare. Na ce to, yau? Ta yi dariya, ta ciro ɗan littafin kalanda daga jaka. Su da lamba suke ƙirga makonni, sai ka ji an ce mu haɗu a mako na 49. Ta buɗe, ta duba, ta sa mini ranar Alhamis ta mako uku masu zuwa. Lokacin na fara zuwa ajin koyon yarensu, ina ji da kaina, sai na ce ta faɗa mini lokacin da yaren. Ta ce, "Halv syv." Na san halv rabi ne, syv bakwai. Bakwai da rabi ke nan. Na rubuta.

Ranar na yi wanka, na sa kaftani da hula, na ɗauki kwalin dabino. Bakwai da minti ashirin da biyar na ƙwanƙwasa, ina yaba wa kaina cewa yau na nuna musu Bahaushe ma ya san lokaci. Ta buɗe ƙofa fuskarta ba yabo ba fallasa. A bayanta ga ɗanta da matarsa da wani maƙwabci zaune, kyandirori sun ci rabi, abinci a rufe. Kusan awa guda suna jirana. A lissafinsu halv syv rabin hanya ce zuwa bakwai, wato shida da rabi. A ƙasar da in za ka makara minti biyar sai ka aika saƙo, ni na makara kusan awa ɗaya, kuma daga hawa na uku zan sauko. Na ce me ya sa ba a hau an ƙwanƙwasa mini ba? Ɗan ya ce sun ɗauka wani uzuri ne ya taso mini, ba sa so su takura ni. Matakala goma sha shida ce tsakaninmu.

Da na yi bayanin inda na ɓata, dariya ta ɓarke, har tsohuwar tana share hawaye. Daga ranar sunana a benen ya koma Halv Syv. An ɗumama abincin. Kifi ta yi da dankali, don tun kafin ranar ta bincika abin da Musulmi ba ya ci, ta kuma sayo lemon tuffa saboda ni. Ana cikin ci ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata tsohuwar ƙwarya mai zane, ta ajiye a gabana, ta ce da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙwai: "Sannu da zuwa."

Cokali ya kusa faɗuwa daga hannuna. Ashe gwaggonta ma'aikaciyar jinya ce da ta yi shekaru a Numan. Tun 1913 wani likita ɗan mishan, Niels Brønnum, ya isa can, kuma daga aikinsu ne cocin Lutheran ta Najeriya ta samo asali, wadda har yau take da ƙarfi a Adamawa. Tsohuwar ta ce tana yarinya, in gwaggon ta zo hutu, da wannan kalmar take tarbar su. Ta ce tun ranar da na ce mata daga arewacin Najeriya nake take son ta faɗa mini, amma ta ga bai dace ta tare ni da shi a matakala ba. Wata uku tana riƙe da "sannu da zuwa" a baki tana jiran ranar da ta dace. Da za mu tashi aka koya mini abin da ake faɗa: tak for mad, na gode da abinci. Ko yaro ɗan shekara uku ba ya barin tebur bai faɗa ba.

Maganar abinci, wasiyyar Hajiya ta yi aiki. Aladun ƙasar sun ninka mutanenta, kuma naman yana shiga inda ba ka zata, har cikin alewa. Na koyi karanta bayan kwali kafin in koyi gaisuwa. Abincin rana kuwa sanyi ƙalau: baƙin burodin nan mai tsami da nauyi, rugbrød, a shafa man shanu a ɗora ƙwai ko kifi. Farkon ci na ce wannan ai dusa ce aka gasa. Yanzu ina kewarsa. Ranar Asabar nakan hau keke zuwa Bazar Vest a unguwar Gellerup, kasuwar Larabawa da Turkawa da Somaliyawa, in sayo naman halal, kuɓewa da attaruhu. Nan kaɗai nake jin hayaniya irin ta gida, har da ciniki.

Ba zan ce komai zuma ba ne. Giya tana tsakiyar zumuncinsu. Walimar Kirsimeti ta wurin aiki, in ka ga yadda mutanen nan masu shiru suke komawa bayan ƙarfe tara, sai ka rantse wasu ne aka canjo. Nakan ci abinci in sulale. An sha tambayata, cikin fara'a, yaushe zan koma gida, tambayar da in ta yi yawa sai ta fara nauyi. Tun 2018 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kowa kuma ya san da masu niƙabi ake. A 2023, da wasu suka riƙa ƙona Alƙur'ani a gaban ofisoshin jakadanci a Kofenhagen, na yi muhawara mai zafi da wani abokin aikina. Shi a ganinsa abin ƙyama ne amma 'yanci ne, kuma ba abin da ya fi ƙarfin a yi masa ba'a, har sarauniyarsu. Na ce masa akwai abin da ya fi mini uwata da ubana, in ka taɓa shi ba ra'ayina ka taɓa ba. Ba wanda ya ja wani. A watan Disamba na shekarar majalisarsu ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini. Shi bai ji daɗi ba, ni na ji. Washegari shi ya tsaya ya gyara mini sarƙar keke a cikin ruwan sama.

A gonakin da muke zuwa aiki na gano inda wannan yarda da juna ta samo tushe. Wani manomi mai shanu wajen ɗari uku ya ba ni labarin Hjedding, ƙauyen da a 1882 manoma suka haɗa kai suka kafa masana'antar madara ta farko mallakarsu. Kowa ya kawo madararsa, a raba riba gwargwadon abin da ya kawo, amma wurin yanke shawara ƙuri'a ɗaya kowa yake da ita. Suna da karin magana a kai: kawunan mutane ake ƙirgawa, ba kawunan shanu ba. Arla ɗin nan ta gwangwanin Hajiya jikanyar wannan tsarin ce, har yau manoma ne masu ita. Ina tsaye cikin garken ina tuna matan Fulani da ke yawo da ƙwaryar nono a ka cikin rana, kowace ita kaɗai da cinikinta.

Komai nasu ƙungiya ne: ƙwallo, iyo a teku cikin hunturu, kiwon zuma, waƙa. In kana son aboki a Denmak kada ka jira shi a titi ko a bas, shiga ƙungiya. Na shiga ta ƙwallon ƙafa ta 'yan unguwa, duk Talata. Nan na ga an ɗaure wani saurayi a jikin fitilar titi, an jiƙa shi da ruwa, ana zazzaga masa garin kirfa har ya koma ja. Laifinsa ya cika shekara 25 bai yi aure ba. In ya kai 30 barkono za a sa. Na ce ashe Nalako yana da 'yan'uwa a Turai, na ba su labarin kamun gwauro da azumi a Kano. Suka tambayi shekaruna. Na ce an kusa kiran salla.

Daren 31 ga Disamba 2023 a gidan tsohuwar na yi shi. Ƙarfe shida daidai kowa ya yi tsit a gaban talabijin don jawabin Sarauniya Margrethe, al'adar da ba a fashi. Ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya, sai na ji matar ɗan ta ce "Nej!", wato a'a, ta dafe baki. Sarauniya ta ce za ta sauka, bayan shekara 52 a kan gado. Tsohuwar ta yi shiru, hawaye na bin kumatunta. Ta ce tana budurwa aka naɗa ta. Ranar 14 ga Janairu 2024 muka kalli hawan ɗanta, Frederik na 10, wanda a jami'ar Aarhus ya yi karatu. Ina jiran in ga kambi da algaita da dawakai. Firaminista Mette Frederiksen ce kawai ta fito barandar fadar Christiansborg ta shelanta shi sau uku, jama'a suka yi sowa, ya share ƙwalla, shi ke nan. Naɗin dagaci a wurinmu ya fi wannan taron kayan ado.

Saura wata guda in dawo na ce ni ma sai na rama. Na sayi kalanda, na bi su ɗaya-ɗaya tun saura mako huɗu: tsohuwar, ɗanta da matarsa, farfesa, da abokin muhawarata. Na ce halv syv, suka yi dariya. Na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe da kabewa da naman rago daga Bazar Vest, na haɗa zoɓo. Shida da minti ashirin da biyar na leƙa taga, sai ga farfesa tsaye a ƙasa kusa da kekensa yana duba agogo. Bai taɓa ƙararrawa ba sai da rabin ta cika.

Na ce da hannu ake ci. Suka wanke hannu suka zauna a kan darduma, gwiwar tsohuwar ta ƙi, na kawo mata kujera. Farfesa ya yi loma uku yaji ya kama shi, ya yi ja kamar saurayin kirfa, amma ya ƙi ajiyewa. Tsohuwar ta ciro biro ta ce in faɗa mata giram nawa na shinkafa, ruwa lita nawa, minti nawa a wuta. Na ce ni dai ido nake sawa, haka na ga Hajiya tana yi. Ta ce to a kira Hajiya. Na kira ta ta bidiyo, na juya wayar. Tsofaffin biyu suka kalli juna, ɗaya da ɗankwali ɗaya da farin gashi.

"Sannu da zuwa," in ji ta hawa na biyu.

Hajiya ta dube ni ta cikin wayar. "Kai, wa ya zo? Ni ko ita?"